Iska Ba 'Yar Iska Ba Ce

A cikin halittun da Bahaushe yake cuɗanya da su dare da rana, da wuya a sami wadda ya ɓata wa suna kamar iska. Yaron da ya fanɗare ya ƙi jin maganar magabata shi ne ɗan iska, halinsa kuwa iskanci. Maganar da ba ta da kai balle gindi zancen iska ce. Dukiyar da ta salwanta akan ce ta bi iska. Hatta ɓoyayyun halittun nan da 'yan bori suke yi wa hidima iskoki aka kira su, domin ba a ganinsu, ba a san inda suka fito ba, ba a kuma san inda suka dosa ba. Duk waɗannan kalmomi sun ginu ne a kan zato guda, wato cewa iska aba ce mara alƙibla, mai yawon gantali, wadda ba ta da mafaɗi. A matsayina na mai koyar da adabi na sha cin karo da wannan zato a karin maganarmu da labaranmu. Amma shekarun da na yi zaune a unguwar Barade, cikin garin Jalingo, ina lura da jujjuyawar yanayi, sun tabbatar mini da cewa ƙazafi muka yi mata. Iska tana da doka, ta kuwa fi yawancinmu kiyaye dokarta.

Tushen dokar shi ne iska tana da nauyi. Wannan magana takan ba mutum mamaki a jin farko, don kuwa da iska muka saba misalta abin da ba shi da nauyi. Sai dai mu tuna cewa muna zaune ne a ƙasan wani makeken kogi na iska mai zurfin kilomita masu yawa, tamkar yadda kifi yake a ƙasan Binuwai, kuma duk abin da ke bisa kanmu danne mu yake yi. A bakin teku, ɗan filin da bai wuce faɗin farcen ƙaramin yatsa ba, wato santimita 1 tsawo da faɗi, yana ɗauke da nauyin iska kimanin kilo 1. Abin da ya sa ba mu jin wannan kaya shi ne yana matso mu ta kowace fuska daidai wa daida, ciki da waje, kuma a cikinsa aka haife mu. A shekarar 1643 wani masani ɗan Italiya mai suna Toriceli ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi a cikin kwano mai zaiba, sai ya ga ba ta zube duka ba, ta tsaya a tsayin kimanin santimita 76. Nauyin iskar da ke danna zaibar cikin kwanon ne ya tokare ta. Daga nan aka sami ma'aunin matsin iska, wanda a yau ake lissafa shi da miliba, matsakaicinsa a bakin teku kuwa 1013 ne.

Mu mutanen Taraba ba sai mun je Italiya ba kafin mu gaskata wannan. Duk wanda ya taɓa barin Mayo Selbe ya kama hawan Mambila zuwa Gembu ya san yadda kunne kan toshe a hanya, har sai mutum ya haɗiyi yawu ko ya yi hamma. Dalili shi ne a tsayin da ya haura mita 1,500, kusan kashi ɗaya cikin shida na nauyin iskar ya koma ƙarƙashin matafiyi, don haka ta cikin kunne ta fi ta waje ƙarfi. A can ruwa yakan tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a Jalingo ba, shi ya sa wake kan daɗe a kan murhu. Na taɓa rufe wata gorar roba da na shanye ruwanta a Gembu, na jefa ta cikin jaka. Ko da na iso gida na ciro ta, sai na tarar ta lotse kamar an matse ta da hannu, alhali babu wanda ya taɓa ta in ban da iskar Jalingo.

To, wannan nauyi ba daidai yake a ko'ina ba, kuma daga nan tafiyar iska ta samo asali. Inda rana ta gasa ƙasa, iskar wurin takan ɗumama, ta buɗe, ta yi sauƙi, ta tashi sama, sai matsin wurin ya ragu. Inda kuwa aka yi sanyi, iska takan takure, ta yi nauyi, ta sauko ta taru. Kamar yadda ruwa yake barin tudu ya nufi kwari, haka iska take barin inda ta yi nauyi ta nufi inda ta yi sauƙi, kuma gwargwadon girman bambancin gwargwadon ƙarfin gudunta. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da ƙunar daji ya ji yadda iska take kwararowa daga bayansa ta nufi wutar. Abu ɗaya da ke karkata wannan tafiya shi ne juyawar duniya a kan kanta, wadda take sa iskar da ke arewa da layin Ikwaita ta riƙa kaucewa zuwa hannunta na dama. Wani Baturen Ingila, Joj Hadli, ya fara hango hannun juyawar duniya cikin al'amarin tun a 1735, sa'an nan wani Bafaranshe, Koriyolis, ya fitar da lissafinsa a 1835.

Da wannan doka kaɗai mai karatu zai iya karanta shekarar Jalingo daga farko har ƙarshe. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu rana takan karkata kudu, Sahara ta huce, iska mai nauyi ta taru a kan arewacin Afirka, sa'an nan ta gangaro ta nufi wajen gaɓar teku inda matsi ya yi sauƙi. Saboda kaucewar nan da aka ambata, ta arewa maso gabas take iso mana. Ita ce hunturu. A kan hanyarta, cikin ƙasar Cadi, takan kutsa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta ƙara gudu kamar ruwan da aka takure a lungu, ta share wani kwari da ake kira Bodele. Wannan kwari gindin tsohon Tafkin Cadi ne, tun zamanin da tafkin ya ninka girmansa na yau sau da yawa, farar ƙurarsa kuwa akasarinta ragowar ƙananan halittun ruwa ce da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Ita ce take ɓoye mana duwatsun da suka kewaye Jalingo, ita ce nake gogewa daga kan littattafaina kowace safiya, kuma wani sashe nata yakan tsallake Tekun Atilantika ya sauka a dajin Amazon na Burazil ya zame masa taki. Da ita kaushi yake zuwa, da fasau, da tari, da gobarar da ba ta jin ruwa.

Daga nan sai rana ta juyo arewa. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kusanci digiri 40 a Jalingo, mutane su fito da tabarmi tsakar gida suna fifita suna tsine wa bazara. Ba su san cewa wannan zafin shi ne ɗan aiken da ke kirawo damina ba. Sahara takan gasu, iskarta ta tashi, wurin da ya kasance tudun iska ya koma kwari. A daidai lokacin akwai wata iska mai nauyi da ke zaune a kan kudancin Atilantika, wajen tsibirin Sent Helena. Sai ta taso, ta ƙetare Ikwaita, ta kauce dama, ta shigo mana ta kudu maso yamma ɗauke da laimar teku. Tsakanin busasshiyar iskar arewa da wannan mai laima akwai iyaka wadda take kai da komowa duk shekara. A Janairu tana kusa da gaɓar teku, a Agusta kuwa takan kai wajen digiri 20 arewa, har gaba da Agadas. Jalingo tana kusa da digiri 9 ne, shi ya sa iyakar take riga wuce mu, mu ga ruwa tun Afrilu yayin da mutanen Kano da Katsina suke jira har ƙarshen Mayu ko Yuni, mu kuma kai Oktoba muna sha bayan nasu ya ɗauke. Shekarun da iskar teku ta gaza kutsawa arewa da ƙarfi, kamar 1973 da 1984, su ne shekarun farin da dattawan ƙasar Hausa da Nijar ba su manta ba.

A nan mai lura zai yi tambaya. In laima daga kudu maso yamma take zuwa, me ya sa ko yaro a Barade ya san daga gabas hadari yake tasowa? Amsar ita ce iska hawa-hawa ce. Ta teku a ƙasa take rarrafe, amma a bisanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Idan zafin rana ya ɗaga iskar ƙasa mai laima, ta yi toroƙo ta zama gajimare, sai ta saman ta kora shi yamma. Ruwan da ya fara zuba daga cikin gajimaren yakan ratsa busasshiyar iska ya sanyaya ta, ta yi nauyi, ta rikito ƙasa kamar buhun da ya suɓuce, ta bazu gaban hadarin. Ita ce iskar nan mai sanyi da ƙamshin ƙasa wadda take sa mata su ruga kwashe shanya, 'yan tireda su rufe. Wasu daga cikin tarin hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma sukan faɗa teku su girma, su zama mahaukaciyar guguwar da ke addabar tsibiran Karebiyan da Amurka. Ita kuwa 'yar guguwar rani da aka hana mu shiga muna yara, wai akwai aljani a ciki, ƙanwarsu ce ta nesa: wani ɗan fili ne ya fi maƙwabtansa gasuwa, iskarsa ta tashi, ta gefe ta rugo tana juyi don cike gurbin.

Da wannan sani na nishaɗi ne kawai, da ban ɓata tawada a kansa ba. A farkon daminar 2018 iska mai ƙarfi ta afka wa Jalingo, ta yaye rufin gidaje da makarantu, ta kayar da dogayen turakun sadarwa, aka yi asarar rayuka. Kowace shekara kuma, tsakanin Afrilu da Yuni, sai an sami wanda ya kwana da rufi ya wayi gari yana kallon sama. Na taɓa zama da wani dattijon kafinta a unguwarmu yana gyaran wani rufi da iska ta ɗaye, na ce masa, "Baba, wannan kuwa wane irin turi iska ta yi masa?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai iska ba ta tura kwano. Zuƙarsa take yi sama. Duba ƙusoshin nan, a miƙe suka fita." Bai taɓa jin sunan Toriceli ba, amma abin da ya faɗa daidai ne. Iskar da ke gudu a bisa rufi takan rage matsin samansa, ta cikin ɗaki kuwa tana nan da ƙarfinta, in ma an bar ƙofar da ke fuskantar hadari a buɗe sai ta ƙaru, rufin ya tashi kamar murfin tukunya. Maganinsa, in ji shi, a ɗaure katako da bango da langa-langa ko rodi, a daina ƙwauron ƙusa, kada a bar bakin kwano ya zarce bango da yawa, a kuma bar itatuwa ta gabashin gida nesa kaɗan da bango. Maginan da suka riƙa yi wa soro rawani sun san dalilinsu. Mu ne muka sare darbejiya da mangwaro muka yanka filoti, muka rage kuɗin ƙusa muka ƙara na fenti. Masu iya magana sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ba su ce tana wahalar da wanda ya ɗaure kayansa tamau ba.

Haka al'amarin yake a gona. Iyakar nan ta tsakanin iskokin biyu ba ta tafiya arewa a miƙe, takan matsa ta ja da baya. Ruwan farko na iya sauka a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, manomin masara ya yi ɗoki ya zuba irin da ya saya da tsada, sai iskar arewa ta komo mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone. Tsofaffin manoma sukan jira su ga iskar asuba ta daidaita ta kudu maso yamma, dare ya yi gumi, ƙasa ta jiƙu ta kai zurfin hannu. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da lokacin da ake sa ran saukarta a kowane yanki. Ilmin tsoho da na hukuma duk iskar nan ɗaya suke karantawa, amma sau da yawa matashin da ke tsakaninsu bai gaji na farko ba, na biyu kuma bai iso masa da harshen da yake ji ba.

Wani zai ce ai ruwa da iska na Allah ne. Haka ne, babu ja. Amma sanin sababi ba ya kore ikon Mai sababi, hasali ma ƙara wa mutum tsoronsa yake yi, idan ya gane cewa zafin da ya hana shi barci a Barade yana da alaƙa da wani tsibiri a tsakiyar teku, ƙurar da ke kan taga kuma daga gindin mataccen tafki ta taso. Kirana ga ɗalibanmu na Hausa shi ne su lura da dukiyar da harshenmu ya tara a wannan fage: hunturu da bazara, hazo da buji, marka da yayyafi, hadari da guguwa. Mun iya sa wa yanayi suna, abin da ya rage shi ne mu iya bayyana dalilinsa da Hausar da kafinta da manomi da mai ginin gida za su ji su yi aiki da ita, a rediyo da makaranta da dandalin wasan kwaikwayo. Wannan aiki ba na masana kimiyya kaɗai ba ne, domin su suna da ma'auni, mu kuwa mu ke da kalmomi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana rufinmu da shukarmu.