Sunayen da Ba Su Taka Tiga Ba

Aikina a wani bincike da muka yi shi ne riƙon robobin fitsari da yi wa iyaye bayani. Muna bin ƙauyukan da ke gefen Dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji, muna duba tsargiya a jikin 'yan firamare. Tun da gwamnatin Audu Baƙo ta tare Kogin Kano a farkon shekarun 1970 ruwa ya kwanta, katantanwar da ke goyon ƙwayar cutar ta samu gida, yara kuwa ba mai raba su da wanka da kamun kifi.

Samun yardar mutane ya fi gwajin wuya. A lokacin, ƙurar rigimar allurar shan-inna ta 2003 ba ta gama kwantawa ba, kuma ba a manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya haɗa da yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, daga baya ta fito fili cewa takardar izinin gwajin an mayar mata da kwanan wata baya. Wani mai unguwa ya tsare ni da ido ya ce, "Malam, in kun gama rubutun, wa zai karanta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, likitoci da hukuma." Ya jinjina kai, sannan ya sa aka kira yaran.

Da maƙalar binciken ta fito a mujalla, na bi sunayen marubutan ɗaya bayan ɗaya. Daktan da ya jagorance mu yana nan, haƙƙinsa ne. Sai shugaban sashe, sai wani abokinsa na wata jami'a, sai wata baiwar Allah da ban taɓa gani ba. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya yini a duƙe kan madubin likita yana ƙirga ƙwan tsutsa har idonsa ya yi ja, ko a layin godiya babu shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙarin girma a jami'a da yawan maƙalu ake samunsa, shi ya haifar da "sa ni a taka, in sa ka a tawa". Alhali ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya ta ce ba a sa sunan kowa sai wanda ya sa hannu a aikin, ya duba rubutun, kuma zai iya kare shi.

Wannan ma da sauƙi. A jadawalin maƙalar na ga wani ƙauye na ƙasar Ƙiru da alƙalumansa cif, har da kaso cikin ɗari. Ranar da aka tsara zuwa can ruwa ya cinye hanya, a Kwanar Dangora muka juya. Na tambayi Dakta, ya ce an kwatanta ne da maƙwabtansa, ai bambancin ba zai yi yawa ba, ya ci gaba da danna kwamfutarsa.

Bara wani ɗalibi ya kawo mini kundin digirinsa in duba masa. A babi na biyu ya kafa hujja da alƙaluman wannan ƙauye, ya sa shekara da lambar shafi, kamar yadda aka koya masa.