Inda Murya Ta Yi Ƙasa

A aikin tace sauti, gyaran ɗan yanki guda ya fi kwanta mini a rai. Ka naɗi hira da dattijo, muryarsa na tafiya daidai, da ya zo ambaton mahaifiyarsa sai ta yi ƙasa, da kyar ake jinsa. Idan ka ƙara ƙarfin hirar baki ɗaya, wuraren da ya ɗaga murya za su haura sifili a ma'aunin desibel, sautin ya fashe.

Manhajar Audacity, wadda ake samu kyauta tun shekarar 2000, ta tanadi mafita. Kana dasa ɗigo biyu a kan sautin kafin wurin da muryar ta yi ƙasa, biyu bayansa, ka ja tsakiyar sama. Tazarar ɗigogin ke sa hawan ya zo sannu a hankali, ba tare da kunne ya ankara ba. Desibel 3 zuwa 6 kan wadatar, domin kowane ƙari yana tahowa da ƙugin janareta ko fanka.

Ina son aikin saboda yana koya mini sauraro. Kuma ba na ɗaga muryar har ta kai sauran, domin raunin da ta yi ma wani ɓangare ne na maganarsa.