Firjin Yaya ya zauna a Bronx

Ni dai a Nima amsata ɗaya ce: firji a Accra ake saye. Da yayana na Bronx ya ce zai cusa nasa a kwantena, sai na ce, "Yaya, don Allah bar shi." Wutar Amurka volt 120 ce, tamu 230, sai da taransfoma. Kuma tun 2013 Ghana ta hana shigo da tsohon firji. Ka biya kuɗin jirgi, a ƙwace shi a Tema. Waya da kwamfutar hannu kam cajarsu na cin kowace wuta, a ba mai zuwa gida. Tukwanen Hajiyarmu fa? Su kam na ce a sa a ganga, ba ta sauraron lissafi a kansu.