Karanta In Ji

A wani ƙauye da ke ƙasar Kurfi akwai wani malamin allo wanda Allah ya ba 'ya'ya bakwai, na ƙarshensu kuwa kowa Auta yake ce masa. Tun yana firamare aka san shi da lissafi, har ya zamana in an kai wake kasuwa shi ake sa wa ya ƙidaya tiya da kuɗinta da ka, kafin dillali ya gama latsa wayarsa. Da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, sai karatun jami'a ya daina zama labarin Zariya da Kano ga yaran wannan yanki, ya zama abin da mutum kan wuce ta ƙofarsa in ya je cin kasuwa. Auta ya taso da wannan a ransa, ya ƙudura cewa ilmin kwamfuta zai karanta, alhali bai taɓa aza yatsa a kanta ba. A sakandarensu akwai ɗaki guda da aka ce na kwamfuta ne, amma kullum a kulle, domin babu wuta.

To, ga inda gizo yake saƙar. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta soma yin jarrabawarta da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuwa ta ajiye takarda da fensir gaba ɗaya. Watau wanda yake son a koya masa na'urar, sai ya fara amsa tambaya 180 a kanta cikin awa biyu. Yayansa, mai rumfar cajin waya a Dutsin-Ma, shi ya yi masa dabara. Ya sami kwalin taliya ya zana masa haruffa takwas da hukumar ta tanada tun 2017 saboda irin su Auta: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙawa, R na fasa miƙawa. Ya ce, "Ka ji tsoron S ɗin nan kamar kunama, kada ka kusance ta sai ka gama." Mako uku Auta yana latsa kwali bayan sallar isha'i.

Ranar jarrabawa ya yi sammako. Da ya zauna gaban na'urar sai hannunsa ya ɗauki rawa, ya ɓata kusan kwata yana kallon agogon da ke raguwa a kusurwar allon, na kusa da shi kuwa tuni ya yi nisa. Abin da ya cece shi tambayoyin lissafi ne, domin da ya gan su sai ya ga 'yan gida, hankalinsa ya komo jikinsa. Ya ci, ya kuma sami gurbi a wata jami'a.

Mai karatu zai zaci wahala ta ƙare ke nan. Ina! A darasin farko na aiki da na'ura aka tara su aji guda, da wanda ya shekara biyar yana rubuta manhaja a Kaduna, da wanda iliminsa duka haruffa takwas ne a bayan kwali. Malami ya ce kowa ya buɗe sabon fayil ya ba shi suna. Kafin ya rufe baki wasu sun gama sun koma hira, Auta kuwa kunya ta hana shi tambayar mene ne fayil. Ya fita yana ganin kansa daƙiƙi, shi da bai taɓa zuwa na biyu a lissafi ba. Su ma gwanayen ba riba suka ci ba, zangon karatu guda suka yi suna hamma.

Jarrabawar da ya sha wuya a kanta rariya ce, aikinta ta rage yawan masu neman shiga. Ba ta tambayi inda kowa ya tsaya ba, balle ta gaya wa malami ta inda zai kama. Akwai kuwa wata irin tantancewa da ake yi bayan an riga an karɓi ɗalibi, wadda babu faɗuwa a cikinta. Kwalejin Harvey Mudd da ke Kaliforniya a Amurka ta yi suna a kan haka: wajen 2006 ta raba darasin farko na kwamfuta gida biyu, na waɗanda suka taɓa da na waɗanda ba su taɓa ba, don kada masu baki su danne sababbin shiga. Da wannan da wasu gyare-gyare, mata masu karanta fannin a can suka tashi daga kimanin kashi 10 zuwa kimanin kashi 40 cikin 100 a 'yan shekaru.

Amma ba sai an haye teku ba. Da Auta ya koma gida hutu, ya tarar an kawo wa mahaifinsa wani yaro daga wajen Safana. Malam bai tambayi shekarunsa ba, bai kuma nemi shaidar kowa ba. Ya miƙa masa allo ya ce, "Karanta in ji." Yaro ya ja aya biyu ya cije. Malam ya gane babbaƙu sun zauna, farfaru ne da saura, sai ya zaunar da shi cikin masu farfaru, ya kira wani gardi ya ce ya riƙa biya masa da hantsi. Duk abin bai kai shan fura ba. Haka Auta ya ga ana yi tun yana rarrafe, amma sai ran nan ya tsaya ya duba da kyau.

Da dare, suna zaune gefen wutar kiskali, ya ba mahaifinsa labarin fayil. Malam ya saurara har ƙarshe yana feƙe alƙalami, sa'an nan ya ce, "To, da ka je, ba su ce ka karanta su ji ba?"

Auta ya ce, "Allah gafarta Malam, makina kurum suka duba."

Malam ya jinjina kai, ya jawo kurtun tawada, ya ce wa yaron Safana ya kawo allonsa.