A-Kori-Kura da Ilimin da Ke Kunnen Bakanike

Duk wanda ya saba bin hanyoyin kasuwannin ƙauye a ƙasar Hausa ya san a-kori-kura, ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya da ke kwasar buhunan hatsi da awaki da mutane a sawu guda. Da yawa daga cikin tsofaffin ƙirar Peugeot ne, wadda Bahaushe ke kira Fijo. Samfurin 404 ya fito a Faransa a 1960, na 504 ya biyo baya a 1968, masana'antar harhaɗa motocin da ke Kakuri a Kaduna kuwa ta fara aiki a 1975. An daɗe da daina ƙera su, amma har yau wasunsu na shiga kasuwar Dawanau da lodi. A ganina, ilimin bakanike ne ya ja zaren rayuwarsu zuwa yanzu, kuma wannan ilimi yana kan hanyar salwanta ba tare da an taskace shi ba.

Na tashi a gidan da tukunyarsa ta dogara ga irin wannan mota. Kawuna ne ke jan ta, ni kuwa nakan raka shi gareji a lokutan hutun makaranta. A can na lura cewa ƙwararren bakanike ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Yakan ce a tayar da inji, a taka totur, shi kuwa ya kasa kunne, sannan ya zagaya baya ya dubi abin da ke fita daga salansa. Baƙin hayaƙi alama ce ta fetur ya rinjayi iska a cikin kafireta. Shuɗi-shuɗi na nuna inji na shan baƙin mai, galibi saboda zoben fistan ya cinye. Fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa, ruwa ne ya sami hanyar shiga inji, sai a tuhumi gaskit. Kafin a kwance ƙusa ɗaya an riga an san inda ciwon yake.

Yanayin ƙasarmu shi ne ya tsara manhajar wannan makaranta. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, inji ya riƙa shaƙewa, filogi ya yi baƙi, mota ta yi ta zuƙar mai ba ƙarfi. Lodin da ya wuce ƙima yakan karya sifirin baya, ya ƙone kuloci a kan gangare, ya sa birki ya kasa riƙo. Ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto yakan bar tsatsa da dasashi har hanyoyinsa su toshe, inji ya ɗauki zafi. Kusan duk waɗannan ana iya kauce musu da juyen baƙin mai a kan kari, da kaɗe matata, da duba ruwa da man birki kowace safiya. Rigakafi ya fi magani, amma direban da balas ke jiransa da yamma yakan jinkirta kashe ɗari har sai ta zama dubu, wani lokaci ma ta zama rai.

Gyaran kansa aikin gayya ne. Akwai mai inji, da mai wuta, da mai walda, da mai faci, kowa da fagensa. Idan kayan gyara ya yi wuya, sai a nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, a samo na hannu, ko a gyara wani ya hau. Yaron gareji yakan fara da wankin ƙusoshi da miƙa sifana, ya shekara da shekaru yana kallo yana saurare kafin maigidansa ya yaye shi. Ba littafi, ba allo. Kalmomin da yake koyo, irin su birki da kuloci da filogi, baƙi ne da harshe ya saba da su, ya raba baƙaƙensu masu cunkoso da wasula har suka zauna daram. Akwai kuma na gida tsantsa: mota takan yi tari, takan shaƙe, takan mutu, a tashe ta, kamar dai mai rai.

Yanzu zamani ya juya. Sababbin motocin ɗaukar kaya, irin su Toyota Hilux na bayan nan, ba su da kafireta. Kwamfuta ce ke auna man da ke shiga inji. Idan sun sami matsala, na'ura ake jonawa, ta fito da lambobi da bayani cikin Ingilishi. Wannan ci gaba ne, domin yana rage hasashe da ɓarnar mai. Sai dai ya mayar da dattijon da ya yi shekara arba'in yana sauraren inji tamkar baƙo a garejinsa, ya kuma sa wa yaron da bai yi boko ba shinge.

Mun yi nazarin saƙa da jima da ƙira a matsayin sana'o'in Bahaushe, amma kanikanci bai sami irin wannan kulawa ba, wataƙila don muna ganin sa baƙo. Sana'ar da ta ciyar da gidaje tun zamanin kakanninmu ta wuce a kira ta baƙuwa. Masu wannan ilimi suna nan da ransu a ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya a bakin tashoshinmu. Ya kamata mu je da na'urar naɗar murya mu zauna gabansu, mu rubuta sunan kowane ƙarfe da fassarar kowace ƙara, tun kafin Fijo ta ƙarshe ta faɗa hannun 'yan gwangwan.