Yerwa, Garin Shehu: Darasin Gursu Ga Mai Ajiyar Sulalla

Matafiyin da ya tashi daga Kano da asuba, ya bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, yakan yi tafiyar kusan kilomita 600 kafin ya hango Maiduguri. Tun daga Damaturu ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, ba tudu ba gangare, sai ƙaya da kuka jefi-jefi da garkunan shanu. Sa'ad da ya wuce Benisheikh da Auno ya isa Jimtilo, sai idonsa ya huta, gama daga nan ne itatuwan dogon yaro suke fara jeruwa a bakin titi. Su ne rumfar garin. A bazara, lokacin da rana take ƙuna kamar ta fasa dutse, a ƙarƙashinsu ake ciniki, a nan ake ɗinkin hula, a nan almajirai suke wanke alluna.

Maiduguri yaro ne in an gwada shi da daular da yake riƙe wa tuta. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya kafa Yerwa a bakin kogin Ngadda, kusa da barikin Turawa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, aka kafa jami'arsa a 1975, sa'an nan ya zama babban birnin Jihar Borno a 1976. Wanda ya miƙe kan faffaɗan titin Dandal zai tarar da fadar Shehu a gabansa, ba da nisa ba kuma ga Kasuwar Litinin, wadda take ci kullum duk da sunanta. A cikinta akwai hular zanna da lafaya da turaren wuta da humra, akwai kuma 'yan canji, domin kuɗin sefa na Kamaru da Chadi da Nijar ba baƙo ba ne a hannun ɗan kasuwar Borno.

Wannan gari ya ga jarrabawa. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya cika shi da 'yan gudun hijira. Ran 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye Kasuwar Litinin cikin dare, a daidai lokacin da jama'a suke fama da ƙarancin takardun naira. Gwamnatin jiha ta sake gina ta, sai ga shi ran 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na garin, har da kasuwar da fadar. Mutumin da ya ga wannan duka, ga kuma naira tana narkewa a aljihu, dole ya tambayi kansa inda zai ajiye ɗan guminsa. Daga cikin amsoshin da ake tallatawa a intanet akwai sulallan tunawa, watau waɗanda gidajen buga kuɗi suke fitarwa jeri-jeri don bikin wani sarki ko cikar wasu shekaru, a sa su cikin akwati mai ƙyalli, a ce wanda ya tara su yau zai ci riba gobe. Kafin mutum ya ɗaga hannu ya biya, ya kamata ya saurari abin da ƙasar Borno ta sani game da kuɗi, domin ta ga iri-iri sun zo sun wuce.

KUƊIN KUKAWA

A zamanin da, Barebari sun yi ciniki da tagulla wadda ake aunawa da ratal, da kuma siririn saƙin auduga da suke kira gabaga. Wuri ya shigo a makare, a zamanin Shehu Umar. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kukawa a 1851, ya tarar babbar kasuwar birnin ran Litinin take ci, ya kuma ba da labarin wahalar da mai sayayya yake sha: ya canja azurfa zuwa wuri, ya sayi riga da wurin, sa'an nan ya musanya rigar da hatsi, saboda baƙauye bai yarda da wani abu ba sai tufa. Bayansa Gustav Nachtigal ya iso a 1870, ya tarar azurfa guda tana canjuwa a kan wuri wajen 4,000.

Wannan azurfa ita ce gursu, watau babban sulen nan mai hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, wanda fatake suka riƙa ɗaukowa ta hamada daga Tarabulus. Larabawa suna kiransa Abu Ɗair saboda gaggafa mai kai biyu da ke bayansa. Sunansa na asali tala, daga nan kalmar dala ta samo tushe, wadda Hausawan Nijeriya suka laƙaba wa sule biyu, mutanen Nijar kuma suke kiran sefa biyar da ita har yau. Da Turawa suka ci ƙasar, suka kawo nasu kuɗin, gursu ya bar kasuwa ya koma wuyan mata da kitsonsu, musamman Larabawan Shuwa, wani kuma ya shiga tukunyar maƙeran fari ya fito munduwa ko zobe.

Sau da yawa magada sukan tsinci gursu a adudun tsohuwa, su ga an rubuta 1780 a jikinsa, sai zuciya ta buga, su ɗauka sun yi arziki. Gaskiyar magana ita ce, a 1780 sarauniyar ta rasu, amma saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun saba da kamanninsa, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji. An buga shi a Biyana, daga baya a Rum da Landan da Faris da Bambai, har adadinsa ya wuce miliyan 300. Saboda haka mai saye ba ya duban shekarar. Sikeli yake ɗaukowa. Nauyin gursu giram 28 ne da 'yan kai, kashi biyar cikin shida azurfa zalla, kuma a kan wannan ake yanke farashi. Sarauniya ta tafi, daularta ta rushe, wuri da gabaga sun zama labari, amma gursu yana da mai saye har gobe, domin darajarsa a cikin jikinsa take.

KWABON SARKIN DA YA SAUKA

Akwai wani kuɗin da dattawan Yerwa suke tunawa, watau kwabo mai huji da ɗari da anini, masu tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. An fara buga irinsu a 1907, shekarar da aka kafa garin, kuma daga 1912 Hukumar Kuɗi ta Afirka Ta Yamma ce take kula da su. A cikinsu akwai na 1936 masu sunan Edward na Takwas, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a Janairu ya sauka a Disamba na wannan shekara don ya auri wata Ba'amurkiya. A Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba, amma a nan ƙasar an kashe su a kasuwa. Wane labari ya fi wannan daɗi a bakin dillali? Duk da haka miliyoyi aka buga, kuma bayan kusan shekara 90 masu tara tsofaffin kuɗi a Turai suna samunsa da araha ƙwarai. Labari yana jawo ɗan kallo, ƙaranci ne yake ɗaga farashi.

Nijeriya ma ta fitar da nata kuɗin tunawa. A 1994 an buga sulen azurfa na naira 100 da na zinariya na naira 1,000 don cikar shekara 100 da fara aikin banki a ƙasar. A 2010 Babban Banki ya fitar da takardar naira 50 ta cikar shekara 50 da samun mulkin kai, a 2014 kuma ya fitar da ta naira 100 don cikar shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu. Mutane da yawa sun ɓoye sabuwar naira 100 ɗin a cikin littafi. A lokacin da ta fito ta fi rabin dalar Amurka, amma zuwa ƙarshen 2024 ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na dala ba, kuma da yake an buga ta da yawa don a kashe, babu mai ƙara masa komai a kanta. Sulallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da aka fitar a Fabrairu 2007 kuwa, ko mai ƙosai ba ta karɓarsu. Daɗin daɗawa, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana sayar da naira, takarda ko sule, ta kuma tanadi ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000, ko duka biyu.

A ƙasashen da sana'ar tara sulalla ta yi ƙarfi ma haka abin yake. Amurka ta buga jerin sulallan kwata masu alamun jihohinta 50 daga 1999 zuwa 2008, biyar kowace shekara. Jama'a suka yi ta cika kundi da su, alhali an buga fiye da biliyan 34, don haka wanda ya shiga hannu ya fita kwata ne har yanzu. Ingila ta buga fiye da miliyan 26 na sulen bikin auren Yarima Charles da Diana a 1981, yau ana zuba su a faranti ana sayarwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya yi tashin gwauron zabo shi ne sulen fene 50 na lambun Kew na 2009, da aka buga 210,000 kacal. Shi kuwa a canji mutane suka riƙa samunsa, ba wanda ya kula da shi sai a 2014 da gidan buga kuɗi ya bayyana ƙarancinsa, daga baya farashinsa ya wuce fam 100. Abin lura a nan shi ne, duk kuɗin da aka ƙera musamman don a ajiye, kowa yana ajiye shi fes cikin akwatinsa, ranar sayarwa kuma masu kaya sun fi masu nema yawa.

WA ZAI SAYA?

Wannan ita ce tambayar da ɗan kasuwar Litinin zai fara yi. Tsada da mai so take tafiya, masu son irin waɗannan sulalla kuwa suna Landan da New York da Dubai. Wanda yake zaune a Gwange ko Bulumkutu sai ya biya kuɗin aikawa da la'adar ɗan gwanjo, ya kuma jira watanni, in kuwa tsohon kayan tarihi ne, fita da shi waje sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979. In buƙata ta taso da gaggawa, ta asibiti ko ta biki, wurin maƙerin fari zai nufa, shi kuwa maƙeri ba ya biyan kuɗin akwati ko takardar shaida. In sulen na azurfa ne ya auna ya biya, bayan ya cire ribarsa. In farin ƙarfe ne da aka shafa wa ruwan zinariya, ya mayar wa mai shi da abinsa.

Har ila yau, ƙarin kuɗin da mai tarawa yake biya ya dogara ga tsabtar sulen. Ƙarzuwa guda, ko gogewa da toka don ya yi haske, ta isa ta zubar da shi. A garin da ya ga gobara da ambaliya cikin wata 19, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Laka tana lalata kundi da takardar shaida, wuta tana cinye akwati, amma azurfar da ta yi baƙi ko ta narke tana nan da nauyinta a kan sikeli.

Wannan ba ya nufin azurfa ba ta da nata haɗari. A Janairu 1980 farashin oza guda ya kusan dala 50 a kasuwar duniya, kafin ƙarshen Maris ya faɗo zuwa wajen dala 11, bai kuma sake kusantar wancan matsayi ba sai 2011. Wanda ya saya a ƙololuwa ya yi jiran shekara 31. Ga kuma jabu, ga ɓarawo, ga zakka a kan wanda ajiyarsa ta kai nisabi, watau dirhami 200, wajen giram 595, ta kuma shekara a hannunsa.

To, shin tara sulalla aikin banza ne? Ko kaɗan. Malamin makaranta da ya jera wuri da gursu da anini da taro da sisi da sule, da kwabon 1959 na Tarayyar Nijeriya, da kwabon naira na 1973, ya ba ɗalibansa tarihin ƙasa a tafin hannu. Irin wannan aiki ne gidan tarihi na Maiduguri yake yi, da kuma gidan tarihin kuɗi na Babban Banki a Abuja. Mai sha'awa ya saya da rarar da ba za ta hana shi barci ba, ya nemi sanin adadin da aka buga, da irin ƙarfen, da nauyinsa, ya kuma tambayi mai sayarwa nawa zai biya in an dawo masa da kayan gobe. Amsar wannan tambaya ta ƙarshe takan kashe ciniki da yawa.

Amma magidancin da yake neman inda zai adana kuɗin makarantar yara ko jarin da ya tsira daga wuta da ruwa, gara ya yi koyi da tsofaffin matan Borno. Ba su san wace ce Mariya Tareza ba, ba su kuma damu da shekarar da ke rubuce a gefen gaggafa ba. Sukan jefa gursu a kan daɓe su saurari amonsa, su ɗaga su ji nauyinsa, sa'an nan su ɗaure a gefen zane. Allah Ya kiyaye Yerwa da mutanenta, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.