Jego A Cikin Gari Da Jego A Bariki

A Jalingo, wadda ta zama hedkwatar Jihar Taraba a shekarar 1991, idan yarinya ta yi haihuwar fari a Sabon Gari ko Mayo Gwoi, ba a barinta ita kaɗai. Ko dai ta tafi wankan gida, ko kuwa gwaggo ko kaka ta tare a wurinta har ta yi arba'in. Su ne masu dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya safe da maraice, su gasa wa jariri cibiya, su koya mata riƙonsa da ba shi nono. Ran suna kuma uba yana zaune a ƙofar gida ana yi masa barka.

Matar soja a barikin garin ba ta da wannan gata. Wata daga Sakkwato aka kawo ta, wata daga Kalaba, ga ɗaki ɗaya ko biyu, ba masaukin baƙi. Tun da rikicin Arewa maso Gabas ya ɓarke a 2009, sojoji da dama suna bakin daga matansu suka haihu, sai dai su aiko da suna ta waya. To, a nan ne Magajiya, watau shugabar matan bariki, da sauran maƙwabta sukan zama dangi: wannan ta ɗora ruwa, waccan ta dama kunu, ba a tambayar ƙabila ko addini.

Amma fa mai jegon cikin gari ita ma tana da nata haɗarin, domin kowace tsohuwa da nata umurnin. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashinsa. Yarinya kuwa kunya ba ta barinta ta musa wa manya.

Saboda haka, ko a bariki ko a cikin gari, wajibi ne na kusa da mai jego su sa ido. In ƙafafunta suka kumbura, ko numfashi ya yi mata wuya, ko ta riƙa kuka ba dalili ta daina barci, a kai ta asibiti maza, kada a ce ai jego ya gaji haka. Shi kuma maigidan da ke nesa, ya riƙa tambayar lafiyar uwar kamar yadda yake tambayar ta ɗan.